Tiyatar gaɓar muƙamuƙi

Tiyatar gaɓar muƙamuƙi rukuni ne na ayyukan fiɗa da likitocin baki da fuska suke yi domin gyara ko sake gina mahaɗar da ke tsakanin muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, wadda take daidai gaban kunne a kowane gefe na fuska. An fi bukatarta a yanayi biyu. Na farko shi ne idan kan ƙashin gaɓar ya zaizaye har haɓa ta koma baya, abin da kan faru ga wasu 'yan mata da mata matasa ba tare da an gano sanadinsa ba. Na biyu shi ne idan gaɓar ta haɗe da ƙoƙon kai har baki ya kasa buɗuwa, kuma wannan ne likitocin asibitocin koyarwa na Arewacin Najeriya suka fi ba da rahoto a kansa.

Duk da bambancin cututtukan biyu, hanyoyin sake gina gaɓar kusan ɗaya ne: yanke ƙashin da ya lalace, dashen haƙarƙarin majiyyaci, miƙa ƙashi a hankali da na'ura, ko sanya gaɓar ƙarfe. Tambayoyi biyu ne suke jagorantar likita wajen zaɓi, wato ko cutar ta tsaya ko tana ci, da kuma ko majiyyacin ya gama girma ko da saura.

Suna

A Hausa ana kiran ƙashin da ke ɗauke da haƙora muƙamuƙi, jam'insa muƙamuƙai, ana kiran mahaɗar ƙasusuwa biyu gaɓa. A takardun asibiti ana taƙaita sunan wannan gaɓa da haruffan TMJ, daga kalmomin da suke nufin ƙashin gefen kai da muƙamuƙin ƙasa. Dunƙulallen kan ƙashin da ke juyawa a cikin gaɓar likitoci na ce masa kondail, kalmar da ta samo asali daga Girkanci inda take nufin gaɓar yatsa. Zaizayewar da ba a san sanadinta ba ana taƙaita ta da ICR, haɗewar gaɓa kuma ana ce mata ankilosis.

Masu magana da Hausa kan ce «bakinsa ya kulle» ga duk wanda ya kasa buɗe baki, ko mene ne dalili. Wannan ya sa ake rikita haɗewar gaɓa da cutar sarƙe-haƙora. A sarƙe-haƙora tsokoki ne suke sandarewa cikin kwanaki kaɗan saboda dafin ƙwayar cuta, ƙashi kuwa lafiyarsa ƙalau, kuma ana bukatar asibiti da gaggawa. Haɗewar gaɓa tana zuwa ne sannu a hankali, cikin watanni ko shekaru.

Tsarin gaɓar

Kan muƙamuƙi yana zaune ne a cikin wani ɗan kwarmi da ke ƙasan ƙashin gefen kai. Tsakaninsu akwai wani faifai na guringuntsi mai kama da matashi, wanda ya raba gaɓar gida biyu, sama da ƙasa, kowanne da ruwa mai santsi a ciki. Idan mutum ya fara buɗe baki, kan ƙashin yana juyawa ne a wurinsa har kusan milimita 20 zuwa 25, daga nan sai ya zame gaba tare da faifan. Wanda ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki zai ji wannan motsi. Baligi mai lafiya yana buɗe baki kimanin milimita 40 zuwa 50 tsakanin haƙoran gaba, wato faɗin yatsunsa uku a jere.

Muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne mai gaɓa biyu, don haka idan gefe ɗaya ya kulle, ɗayan ma ba zai motsa yadda ya kamata ba. Haka kuma guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin yana daga cikin wuraren da muƙamuƙi yake girma, kuma girman yana ci gaba har wajen shekara 16 zuwa 20. Shi ya sa raunin da babba zai warke daga gare shi ba tare da wata alama ba, yake iya sauya kamannin fuskar yaro gaba ɗaya.

Zaizayewar da ba a san sanadinta ba

A wannan cuta kan muƙamuƙi yana ƙanƙancewa, yana sirancewa, yana rage tsawo, galibi a gefe biyu tare. Tana kama mutane tsakanin shekara 10 zuwa 40, musamman a lokacin balaga, kuma mata sun fi maza da kusan kashi 9 bisa 1. An fara bayyana ta a rubuce-rubucen likitoci a shekarar 1961, sannan a 1996 Arnett da Milam da Gottesman suka yi mata cikakken bayani a Amurka.

Yayin da ƙashin yake raguwa, da kimanin milimita 1 zuwa 1.5 a shekara, muƙamuƙi yana juyawa baya da ƙasa. Haɓa tana komawa ciki, turamen baya suna haɗuwa amma haƙoran gaba ba sa taɓa juna, har mutum ya kasa gutsurar burodi ko nama da su. Tun da harshe a jikin muƙamuƙi yake, shi ma yana komawa baya ya matse hanyar iska, sai a samu minshari da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Wasu na jin ciwo a gaban kunne da ciwon kai, wasu kuwa ba sa jin komai sai dai sauyin fuska da na cizo. Cutar kan lafa da kanta bayan shekara 1 zuwa 5, amma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa, kuma tana iya sake tashi.

Akwai hasashe uku da aka fi ambata game da sanadinta. Na farko ya danganta ta da sinadarin estirojin na jikin mace, domin an gano wuraren da ke amsa shi a cikin gaɓar, kuma wani rahoto na 2009 ya nuna ƙarancinsa ga yawancin matan da aka bincika. Na biyu ya ɗora laifi a kan matsi mai yawa a kan gaɓa, kamar na gocewar faifai, cije haƙora, ko aikin gyaran muƙamuƙi da aka taɓa yi. Na uku ya ce jini ne ba ya isa kan ƙashin. Ba a sanya wa cutar wannan suna sai an tabbatar ba amosanin gaɓɓai ba ne, ba lufus ba, ba sikilerodama ba, ba karaya ko ƙwayar cuta ba, kuma ba illar daɗewa ana shan magungunan sitiroyid ba.

Haɗewar gaɓa

Babban sanadin haɗewa shi ne faɗuwa a kan haɓa tun ana yaro. Ƙarfin bugun yana bin ƙashi har ya kai ga gaɓa, kan muƙamuƙi ya fashe, jini ya taru a ciki. Idan ba a motsa bakin ba, jinin yana zama tabo, tabon ya rikiɗe ya zama ƙashi, muƙamuƙi da ƙoƙon kai su zama dunƙule ɗaya. Sanadi na biyu shi ne ƙwayar cuta da ta bazu daga kunne mai zubar mugunya, ko daga ruɓaɓɓen haƙori, ko ta cikin jini. Akwai kuma kullewar da ke faruwa a wajen gaɓa, inda tabo ko ƙashi ya haɗa muƙamuƙin ƙasa da na sama ta gefen kunci, kamar yadda ake gani ga waɗanda suka tsira daga cutar noma. A 1986 wani likita a Indiya mai suna Sawhney ya kasa haɗewar gida 4 gwargwadon girman ƙashin da ya toshe gaɓar, kuma har yanzu ana amfani da wannan rabe-rabe.

Yaron da bakinsa ya kulle yana rayuwa ne a kan kunu da abinci mai ruwa da ake tura masa ta giɓi ko ta bayan turame. Yana ramewa, haƙoransa suna ruɓewa saboda ba a iya wanke su ta ciki, maganarsa ba ta fita sosai. Idan gefe ɗaya ne, haɓa tana karkata wajen gefen da ya kulle. Idan gefe biyu ne, haɓa tana zama 'yar ƙarama ƙwarai. Amai ma yana zama haɗari gare shi, domin yana iya shaƙe shi.

Bincike kafin aiki

Likita yana auna buɗewar baki da milimita, ya duba yadda haƙora suke haɗuwa, ya ɗauki hotunan fuska da samfurin haƙora. Hoton ƙashi na zagayen muƙamuƙi yana nuna gaɓoɓin biyu a takarda ɗaya. Hoton CT yana nuna siffar ƙashin dalla-dalla, kuma da shi ake tsara wurin yanka. Hoton MRI shi ke nuna faifai da kumburin cikin gaɓa. Ana gwajin jini domin kawar da zaton amosanin gaɓɓai da makamantansa.

Game da zaizayewa, abin da aka fi son sani shi ne ko cutar tana ci. Ana gane haka ta kwatanta hotuna da awon cizo da aka ɗauka wata 6 zuwa 12 tsakani, ko ta hoton ƙashi na musamman da ake yi bayan allurar sinadarin teknitiyam-99m, wanda yake taruwa a wurin da ƙashi yake sauyawa. A lokacin jiran ana iya ba da robar cizo ta dare, magungunan rage kumburi, bitamin D da kalsiyam, ko a wanke cikin gaɓar da allura biyu, hanyar da Dorrit Nitzan ta bayyana a Isra'ila a 1991. Waɗannan suna rage ciwo da matsi, amma ba sa mayar da ƙashin da ya ɓace.

Hanyoyin tiyata

Gyaran muƙamuƙi kaɗai

A nan ba a taɓa gaɓar. Ana tsaga reshen muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki a gefe biyu, a jawo ɓangaren haƙora gaba, a ɗaure da ƙananan ƙarafa da kusoshin taitaniyam. Sau da yawa ana yanka muƙamuƙin sama shi ma domin cizo ya daidaita. Ana sa wayar gyaran haƙora kafin aikin da bayansa. Amfaninsa shi ne babu tabo a fuska kuma mutum yana nan da gaɓarsa ta asali. Illarsa ita ce jawo muƙamuƙi gaba yana ƙara wa gaɓa nauyi, kuma idan cutar ba ta tsaya ba, ko ta sake tashi, haɓa tana komawa inda ta fito. Saboda haka ba a yin sa sai an tabbatar zaizayewar ta lafa na tsawon aƙalla shekara guda, kuma wasu likitoci kan tsaya ga muƙamuƙin sama da haɓa kawai domin kauce wa matsa gaɓar.

Mayar da faifai tare da gyaran muƙamuƙi

Larry Wolford da Luis Cardenas na Dallas sun bayyana wannan hanya a 1999 a kan majiyyata 12. Ana buɗe gaɓar ta gaban kunne, a cire naman da ya kumbura a kewayen kan ƙashin, a mayar da faifai wurinsa, a ɗaure shi da zare a jikin wata 'yar ƙusa da aka dasa a bayan kan muƙamuƙi. A zama ɗaya kuma sai a gyara muƙamuƙai. Hanyar tana aiki ne idan faifan bai lalace ba kuma akwai sauran ƙashi mai kyau, shi ya sa masu ita suka ce an fi samun nasara idan an yi ta cikin shekara 4 da gocewar faifan.

Dashen haƙarƙari

Ana yanke kan muƙamuƙin da ya lalace, a ɗauko yankin haƙarƙarin majiyyaci na biyar ko na shida ko na bakwai tare da 'yan milimitoci na guringuntsin bakinsa, a sa guringuntsin a cikin kwarmin gaɓa, a ɗaure ƙashin a jikin reshen muƙamuƙi da kusoshi. A 1997 Huang da Pogrel da Kaban sun duba majiyyata 28 masu zaizayewa, suka ga waɗanda aka yi wa dashen haƙarƙari sun fi samun sakamako mai ɗorewa a kan waɗanda aka yi wa gyaran muƙamuƙi kaɗai. A 2008 Maria Troulis da abokan aikinta a Boston suka nuna ana iya yin aikin da kyamara ta ɗan ƙaramin yanka a ƙasan muƙamuƙi.

Jiki ba ya ƙin abin da aka ciro daga gare shi, ba a sayen komai sai kusoshi, kuma guringuntsin yana iya girma tare da yaro. Haƙarƙarin da aka cire kan sake tsirowa ga yara idan an bar fatar da ke lulluɓe da shi. Sai dai girman dashen ba shi da tabbas. Wani lokaci yana zarce ƙima har haɓa ta karkace zuwa ɗaya gefen, wani lokaci ba ya girma, wani lokaci kuma yana narkewa ko ya haɗe da ƙoƙon kai. Akwai kuma rauni na biyu a ƙirji.

Miƙa ƙashi

Ana yanka reshen muƙamuƙi, a ɗaura wata 'yar na'ura mai zare a ɓangarorin biyu. Bayan kwana 5 zuwa 7 sai a fara murɗa ta, tana raba ƙasusuwan da milimita 1 a kowace rana, jiki yana cike tsakanin da sabon ƙashi. Idan an kai tsawon da ake so, ana barin na'urar wata 2 zuwa 3 har ƙashin ya yi ƙwari, sannan a cire ta. Fata da tsoka da jijiyoyi suna miƙewa tare da ƙashin, kuma ba a bukatar ciro ƙashi daga wani wuri. Amma ana yin aiki sau biyu, saita alƙiblar miƙewar yana da wuya, kuma dole a samu wani a gida da zai riƙa murɗa na'urar kullum ba fashi.

Gaɓar ƙarfe

Ana cire kan ƙashi da faifai gaba ɗaya, a sa gaɓar da aka ƙera. Kwarmin sama na wata roba ce mai tauri da ake kira foliyetilin, kan ƙasa kuma na gamin ƙarafan kobalt da kiromiyam da molibdinam ne, ana ɗaure su da kusoshin taitaniyam. Akwai wadda ake ƙerawa da girma daban-daban likita ya zaɓa, akwai wadda ake ƙera wa mutum shi kaɗai daga hoton CT ɗinsa. Wasu likitoci kan ciro kitse daga cikin majiyyaci su cusa a kewayen gaɓar domin hana sabon ƙashi tsirowa.

Ƙarfe ba ya zaizayewa kamar ƙashi, don haka ba sai an jira cutar ta tsaya ba, kuma ana iya jawo muƙamuƙi gaba sosai a buɗe hanyar iska. Majiyyaci yana fara motsa baki cikin kwanakin farko. An bi diddigin wasu majiyyata sama da shekara 20 gaɓarsu tana aiki. Amma ba ta girma, saboda haka an fi yin ta ga wanda ya gama girma. Motsin muƙamuƙi zuwa gefe da gaba yana raguwa, domin ana rabuwa da tsokar da ke jan kan ƙashin. Ba a sa ta idan akwai ƙwayar cuta a wurin ko jikin mutum ba ya karɓar ƙarfen. Tana da tsada ƙwarai, kuma budurwar da aka sa wa ita tana shekara 18 tana iya bukatar sauyi wata rana.

Sakin gaɓar da ta haɗe

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanke dunƙulen ƙashin a bar tazarar santimita 1 zuwa 1.5. Domin kada ɓangarorin su sake haɗuwa, ana saka wani abu a tsakani, galibi yankin tsokar gefen kai da aka lanƙwaso ƙasa, ko fata da kitse. A 1990 Kaban da Perrott da Fisher suka tsara matakai 7 da asibitoci da yawa suke bi:

1. Cire dukan ƙashin da ya toshe gaɓar.
2. Yanke tsinin ƙashin da tsokar gefen kai take riƙe da shi a gefen da ya kulle.
3. Yanke na ɗaya gefen idan baki bai buɗe milimita 35 ba.
4. Shimfiɗa tsoka ko guringuntsi a cikin kwarmin gaɓa.
5. Sake gina reshen muƙamuƙi da haƙarƙari.
6. Ɗaure dashen da kusoshi.
7. Fara motsa baki da wuri, a dage da atisaye.

Sa barci a wannan aiki yana da haɗari na musamman, tun da ba a iya buɗe baki a zura bututun numfashi. Ana zura shi ta hanci da taimakon siririyar kyamara. Inda babu ita ana zurawa ta hanci da bin sautin numfashi, ko a huda maƙogwaro a sa bututu na ɗan lokaci.

Tarihi

A 1840 John Murray Carnochan na Niyok ya saka ɗan katako tsakanin ƙasusuwan wani majiyyaci bayan ya saki gaɓarsa. A tsakiyar ƙarni na 19 Friedrich von Esmarch na Jamus ya bayyana yanke yankin muƙamuƙi domin a samu sabuwar gaɓa, George Humphry na Ingila ya cire kan ƙashin, Aristide Verneuil na Faransa kuma ya kawo shawarar saka nama a tsakani a 1860. Harold Gillies, wanda ya yi suna wajen gyaran fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya bayyana amfani da haƙarƙari a 1920. Trauner da Obwegeser sun wallafa hanyar tsaga reshen muƙamuƙi a 1957. Masatoshi Ohnishi na Japan ya leƙa cikin gaɓar da kyamara a 1975. Dabarar miƙa ƙashi ta fito ne daga Gavriil Ilizarov, wanda ya yi ta a ƙafafu a garin Kurgan na Rasha tun shekarun 1950, kafin Joseph McCarthy ya kawo ta muƙamuƙi a 1992.

Tarihin kayan dashe na roba da ƙarfe bai rasa asara ba. A shekarun 1980 an sa wa dubban mutane a Amurka faifan roba na kamfanin Vitek, wanda daga baya aka ga yana farfashewa yana cinye ƙashi, har hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta fitar da gargaɗi a Disamban 1990. Wannan ya sa aka tsaurara dokoki. Gaɓar TMJ Concepts ta samu amincewar hukumar a 1999, ta Biomet kuma a 2005.

A Arewacin Najeriya

Sashen tiyatar baki da fuska na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin tsofaffin irinsa a Arewa. Ya daɗe yana aiki a garin Kaduna, kuma daga can ne Farfesa E. O. Adekeye ya wallafa nazarin majiyyata 76 masu haɗewar muƙamuƙi a 1983. Asibitin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, a 2005. An kuma samu rahoton majiyyata 23 daga Abuja a 2012, da rahoton aikin shekara 5 daga Sakkwato a 2018. Ana yin irin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Rahotannin ƙasar sun fi nuna yara da matasa da suka zo asibiti shekaru bayan faɗuwa ko ciwo, kuma ayyukan da aka fi yi su ne yanke ƙashi, saka tsoka a tsakani, da dashen haƙarƙari. Gaɓar ƙarfe daga ƙasashen waje ake shigo da ita da kuɗin waje, abin da ya sa ta fi ƙarfin yawancin iyalai.

Ga mazauna gundumomi irin su Dandamisa a ƙaramar hukumar Maƙarfi, da ƙauyukan Ikara da Kudan, hanyar takan fara ne daga cibiyar lafiya matakin farko, zuwa babban asibitin Maƙarfi ko na Ikara, sannan a tura majiyyaci Shika. Muhimmin mataki yana nan a farkon hanyar. Idan yaro ya faɗo daga bishiya ko katanga ko babur ya fasa haɓa, sau da yawa ana ɗinke raunin a sallame shi, alhali karayar tana can gaban kunne. Alamominta su ne ciwo ko kumburi a gaban kunne, jini daga kunne, haƙora su daina haɗuwa daidai, ko haɓa ta riƙa karkata idan an buɗe baki. Yawancin irin wannan karaya ga yara ba ta bukatar fiɗa, sai abinci mai laushi da motsa baki da wuri da komawa asibiti ana dubawa. Ɗaure muƙamuƙi na makonni da yawa, irin ɗaurin da ake yi wa hannu ko ƙafa a wurin ɗori, yana ƙara yiwuwar gaɓar ta haɗe.

Cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki ko ciwon iska, wani sanadi ne da ya shafi yankin. Sunanta daga Girkanci yake, ba shi da alaƙa da noman gona. Tana kama yara masu shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da miki a dasashi, ta cinye kunci cikin kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su samu magani ba suna mutuwa, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira bakinsu yana kullewa. An buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma ana yin aikin kyauta. A Nijar ƙungiyar Sentinelles tana da cibiya a Damagaram. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Bayan tiyata

A makonnin farko majiyyaci yana shan kunu, koko, nono da fura da aka dama da ruwa-ruwa, da romo, sannan a hankali ya koma fate da tuwo mai laushi. Ana hana shi rake, goro, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi da tsire har sai likita ya ga ƙashi ya kama.

Atisayen buɗe baki shi ne rabin aikin, musamman bayan sakin haɗewa. A asibitocin Najeriya an fi amfani da 'yan katakon danne harshe: ana jera su a tsakanin turame sau da yawa a rana, ana ƙara ɗaya a kan ɗaya har baki ya kai milimita 35 ko fiye. Ana ci gaba da haka wata 6 zuwa shekara guda. Atisayen yana da zafi, yara kan ƙi, kuma daina shi yana cikin manyan dalilan da ke sa gaɓa ta sake kullewa. Yaron da aka yi wa dashe ana duba shi lokaci-lokaci har ya gama girma, domin mai yiwuwa ya bukaci gyaran haɓa ko na haƙora daga baya.

Matsalolin da kan biyo baya

Jijiyar da ke motsa fuska tana ratsawa ta gaban kunne. Idan ta ja ko ta ƙuje, mutum kan kasa ɗaga gira ko rufe ido sosai, amma galibi yana warwarewa cikin watanni. Tsaga reshen muƙamuƙi kan jawo mutuwar leɓen ƙasa da haɓa na ɗan lokaci, wani sa'in na dindindin. Akwai babbar jijiyar jini a bayan gaɓar da kan jawo zubar jini mai yawa idan an taɓa ta. Ciro haƙarƙari na iya huda fatar huhu har iska ta taru a ƙirji. Wasu kan riƙa yin gumi a kunci lokacin cin abinci saboda jijiyoyin yawu da na gumi sun harɗe wajen warkewa. Idan ƙwayar cuta ta shiga gaɓar ƙarfe, wani lokaci sai an cire ta, an yi magani na makonni, sannan a sake sa wata.